Taba Ta Bushe? Ku Bar Ta Ta Bushe

Da zarar iskar hunturu ta sauko kan tafkin Kainji, daga Disamba zuwa Fabrairu, babu abin da take ragawa. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, ganyen taban da aka adana a ɗaki ya bushe ƙamas, ana taɓa shi yana marmashewa. A irin wannan lokaci ne wata baiwar Allah daga Warra ta kawo mini tambayarta. Mahaifinta tsohon masunci ne, tun yana saurayi yake zuƙar lofe, yana kuma ƙunsa taba gari a baki. Yanzu ganyen ya bushe, hayaƙinsa yana ƙona masa maƙogwaro, tari ya hana shi barci. Maƙwabta sun ba ta shawara iri-iri: ta yayyafa wa ganyen ruwa, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ko ta ajiye shi a gindin randa ya kwana. Tana so ta san wacce ce ta fi.

Ban zaɓar mata ko ɗaya ba, kuma kai ma mai karatu ba zan zaɓar maka ba. Niyyarta kyakkyawa ce, tausayin mahaifi ne ya kawo ta. Amma abin da take shirin yi gyaran gangar Auzinawa ne, kuma gidaje da yawa a Ngaski da Yauri da Shanga suna yin irinsa suna ganin taimako suke yi.

Kuskuren ya taso ne daga zaton cewa bushewar taba ce take jawo tari, in ta yi laushi sai cuta ta kau. Gaskiya ne busasshiyar taba tana ci da sauri, hayaƙinta ya fi zafi da kaifi. Sai dai wannan zafin shi ne kaɗai gargaɗin da jiki yake samu. Idan kika jiƙa ganyen, gargaɗin kika kashe, dafin yana nan yadda yake. Hayaƙi mai laushi ya fi sauƙin haɗiya, mai sha ya fi jan sa can cikin huhu, ya fi daɗewa yana zuƙa. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Ruwan randa ba ya wanke ko guda.

Damshin ma da kansa yana da tasa illa. Ganyen da aka jiƙa aka rufe a ɗaki mai ɗumi yana yin fumfuna. Ban da haka, laima da ɗumi suna ba ƙwayoyin cuta damar aiki a kan ganyen, aikin da ke ƙara yawan wasu sinadarai da masana ke kira nitrosamin, waɗanda suke sahun gaba cikin masu jawo dajin baki da na maƙoshi da na huhu. Ke nan wanda ya jiƙa taba ya adana ta, ƙara mata ƙarfin cutarwa ya yi.

Wannan ɗabi'a ta lallashin taba ba a kanmu ta fara ba. A Turai da Amurka masu hannu da shuni suna sayen naɗin ganyen taba mai kauri irin wanda ake yi a Kyuba, su saya masa akwatin katako na musamman da ke riƙe damshi wajen kashi 70 cikin 100, su riƙa duba shi kamar mai jinya. In ya bushe, sai su shafe makonni suna mayar masa da laima sannu a hankali don kada bayansa ya tsage. Babban naɗi guda yana iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari cikakke. Akwatin mai tsada bai taɓa kare ɗayansu daga dajin baki ba, tsumman da ke gindin randarmu ma ba zai kare mu ba.

Na san abin da wani zai ce: ai tamu ta gida ce, ganye ne daga gona, ba ta kamfani ba ce mai haɗe-haɗe. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Nikotin da ke kama mutum a cikin ganyen yake tun yana shuke. Taba garin da ake niƙawa da kanwa kuwa, kanwar ba don ɗanɗano kaɗai ake sa ta ba. Tana sa nikotin ya ratsa fatar baki da ta hanci da sauri ya shiga jini, shi ya sa barinta ke da wuya. A Sudan akwai irinta da suke kira tumbak, ganye ne da kanwa kamar tamu, kuma bincike ya nuna tana cikin tabar da ta fi kowace yawan waɗancan sinadarai a duniya, an kuma danganta ta da dajin baki. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sanya tabar da ake ƙunsawa a baki ko a shaƙa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. Ba banza ba Bahaushe ya ce taba ta bambanta da garin gero.

Wani kuma zai kawo kakansa da ya sha taba har ya tsufa tukuf. Muna taya shi godiya ga Allah. Amma ana lissafa wanda ya tsira ne domin yana nan ana ganinsa, abokan zamansa da tari ko shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke tun da ƙarfinsu babu mai ƙirga su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu suka shaƙa.

A nan ne maganar ta shafe mu musamman, mu mutanen bakin ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, rayuwar garuruwan nan ta ƙara rataya a kan kifi, kifi kuwa sai da banda. Matar da ta wuni a bakin murhun banda, ta dawo ta hura itace ta yi tuwo, huhunta ya riga ya sha hayaƙin da ya ishe shi. Idan dare ya yi aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, maigida ya kunna lofe, ita da jaririn da ke bayanta su ne suke shan ragowar. Yaron da ke tashi a irin wannan ɗaki ya fi saurin kamuwa da ciwon haƙarƙari da ciwon kunne, mai asma kuma ciwonsa ya fi yawan tashi. Mai juna biyu tana iya haifar ɗa marar nauyi. Waɗannan ba su zaɓi taba ba, mu muka zaɓar musu.

Akwai kuma laifin da muka mayar al'ada, wato aiken yaro ya sayo taba. Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ta haramta sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Kowa ya san yadda ake yi da wannan doka a kasuwanninmu da bakin tashar jirgi. Amma ba sai jami'i ya zo gidanka ba kafin ka daina tura ɗanka wurin mai taba. Yaron da ya saba kawo ta, wata rana shi zai ɗanɗana.

To me ya kamata baiwar Allah nan ta yi, ita da ire-irenta? Na farko, ta mayar da hankali kan tarin, ta bar batun ganyen. Tarin da ya wuce mako 2, musamman in akwai rama, ko zufan dare, ko jini a kaki, na asibiti ne ba na tsumma ba. Shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana kuma warkewa idan an sha maganin wata 6 ba fashi. Mai ƙunsa taba gari kuma a duba bakinsa da haske: farin tabo ko ja, ko gyambo a dasashi ko gefen harshe da ya ƙi warkewa bayan mako 2 zuwa 3, kada a jira ya fara zafi. Daji a farkonsa ba kasafai yake ciwo ba.

Na biyu, ta yi wa mahaifinta magana cikin ladabi, ba a gaban mutane ba, ba da faɗa ba. Ta ce, "Baba, mun fi bukatarka da wannan ganye." In nauyin baki ya hana ta, ta nemi wani babba da yake jin maganarsa. A sa rana. A fitar da lofe da ganyen da batta daga ɗaki. Kwanakin farko su ne masu wuya, za a ga saurin fushi da rashin barci da ciwon kai, amma suna raguwa cikin 'yan makonni. Sha'awar tana tasowa ne ta lafa cikin mintoci kaɗan, asuwaki ko kurɓin ruwa ko 'yar aya suna taimakawa a ƙetare ta. Wanda abin ya yi masa nauyi ya tambayi likita, akwai magungunan da ke sauƙaƙa barinta.

Kada kowa ya ce tsoho ya makara. Cikin sa'o'i 12 da daina sha, gurɓatacciyar iskar da hayaƙi ke tarawa a jini tana komawa daidai. Cikin makonni zuwa watanni numfashi yana sauƙi, tari yana raguwa. Bayan shekara 1, ƙarin haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi.

Saboda haka in hunturun bana ya busar da tabar da ke gidanku, ya yi muku rabin aiki. Kada ku kai ta gindin randa. Ku share ta ku zubar, ruwan da za ku yayyafa mata ku miƙa wa Baba ya sha, gobe da safe ku raka shi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.