Wa zai tsare mai shaida?

Masu kaki na kuka cewa mutanen Dannet da Arlit ba su ba da shaida: a yi kisa da rana tsaka, kowa ya ce bai gani ba. To, wa ya koya masu shiru?

A Taron Ƙasa na 1991 an tona kisan Cintabaraden na watan Mayun 1990, aka tsare Kaftin Maliki Bureima. Cikin Fabrairun 1992 sojoji suka yi bore, suka fiddo shi. A Agustan wannan shekarar, da aka kashe wani sufeton ƴan sanda a Agadez, aka kwashe Abzinawa sama da 100 ba da takardar alƙali ba. Jinin sufeto ya samu masu ramuwa nan take. Na makiyayi fa?

Ɗan kasuwar da ke sarin kaya a Najeriya kuwa ya san labarin Apo, a Abuja. A 2005 ƴan sanda suka harbe matasa ƴan kasuwa. Budurwar da ta ga komai da idonta, ita ma aka kashe ta don kada ta buɗe baki. Kotu ba ta yanke hukunci ba sai 2017.

Mai shaida daga Dannet, in ya fito kotun Arlit, daji zai koma shi kaɗai, ya bi ta shingen waɗanda ya ambata.