Bayan An Cire Famfas, Sai Ina?

Yau kam sai ku yi haƙuri da ni, ba labarin soyayya na kawo muku ba, maganar ƙazanta ce, don haka wanda yake cin abinci ya ajiye cokali tukuna.

A bazarar da ta wuce na je barka gidan 'yar wata ƙawata a nan Gumel, haihuwarta ta biyu ke nan. Ɗaki tsaf-tsaf, labule sabo, gado ya sha shimfiɗa, kasko sai tashin hayaƙin turaren wuta yake yi, irin mai tsadar nan na Maiduguri. Amma ban yi minti biyar da zama ba na ji wani abu yana tasowa ta ƙarƙashin ƙamshin, irin warin da in ya gauraya da turare ya fi tayar da zuciya. Da mata suka ragu na jawo ta gefe na ce, "'Yata, me kika ajiye a bayan ƙofar nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, famfas ɗin babban ne, almajirinmu kwana uku ke nan bai leƙo ba." Baƙar leda ce cike dam, a ɗakin da jaririn kwana biyar yake shaƙar iska, cikin zafin watan Afrilu da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi.

Ni dai ban ga laifinta sosai ba. An koya mata yadda ake ɗaura famfas, ba wanda ya taɓa gaya mata inda ake kai shi in an cire. Mu marubuta ma muna da namu kason. Sau nawa muka rubuta tauraruwa ta yi wa jaririnta wanka, ta shafe shi da hoda, ta ɗaura masa famfas, ta feshe shi da turare kafin Alhaji ya dawo daga ofis? Ni kaina na rubuta ya fi a ƙirga. Amma ban taɓa bin wanda ta cire ba in ga inda ya kwana.

Lokacin da muka yi namu goyon na fari, kunzugu muka sani, na tsohon zane, masu ɗan hali kuma su sayi farin nafkin da wandon roba. In yaro ya ɓata, a kankare a masai, a wanke da sabulu, a shanya rana ta gasa shi. Kaka kuma tun yaro yana 'yan watanni take miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai, har ya saba da lokacinsa. Ba zan yi muku ƙarya in ce akwai daɗi ba, hannuna ya ci wanki har ya yi kanta, kuma duk macen da ta taɓa tashi da asubar hunturu wankin kunzugu ba za ta zagi wanda ya ƙirƙiro famfas ba. Sai dai abu guda: a wancan lokacin kashin yaro a masai yake ƙarewa.

Pampers sunan kayan wani kamfani ne na Amurka, Procter & Gamble, da ya fito da shi a 1961, mu kuma muka mayar da shi sunan kowane iri, ko Molfix ne ko waninsa duk famfas muke ce musu. Da can sai matan ma'aikata, yanzu kuwa ɗai-ɗai ake sayar da shi a kowane shago, in ka shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis za ka ga 'yar ƙauye ta ƙulle guda uku a bakin mayafi tare da magi da gishiri. Kuɗinsa ya hau, shi kamfanin ma a ƙarshen 2023 ya sanar da daina yin kayansa a Nijeriya sai dai ya riƙa shigowa da su. Tsadar nan ita ke sa uwa ta bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har la'asar, gindinsa ya yi ja, zarni ya cika ɗaki.

To ga inda maganata take. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Mun ji daɗi, kuma an sha wuya kafin a kai nan, gidaje da yawa a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar sun haƙa masai. Amma don Allah ku gaya mini, famfas ɗin da aka naɗe da kashi a ciki aka wurga bola ko kangon maƙwabci, mene ne sunansa? Bahaya a fili ne, leda kawai aka sa masa. Babba ya daina tsugunawa a bayan gari, ya koma aika na ɗansa can.

Abin da ya ɗaure mana gindi shi ne zancen nan na "ai kashin yaro ba komai ba ne, nono kawai yake sha". Masana lafiya akasin haka suke faɗa, na yaro yakan fi na babba ɗaukar ƙwayoyin cuta, don shi ne ya fi yawan gudawa. Ta kashi ake ɗaukar shan-inna, ta kashi ake ɗaukar ƙwayar rota mai sa jarirai zawo, wadda sai a 2022 aka shigar da riga-kafinta cikin na yau da kullum a ƙasar nan. Ta nan kuma amai da gudawa yake bi, kuma ba mu manta da daminar 2021 ba, da Jigawa ta shiga sahun jihohin da annobar ta fi yi wa ɓarna. Ƙudan da ya tashi daga kan famfas a bola ba ya neman izini kafin ya sauka a kan ƙwaryar fura.

Ku bi ledar nan da ido. Almajiri ya karɓa, an ba shi ɗumame da 'yan canji, shi ma yaro ne, hannunsa ba sabulu, ba zai yi nisa da ita ba, kwararon farko da ba kowa zai cilla. Kare ya yaga da daddare, kaji su tona da safe, akuya ta ja ledar, yara su buga ƙwallo a kai. Wanda ya tsira a juji kuma, kafin saukar damina a loda shi a amalanke tare da toka da kashin dabbobi a kai gona a matsayin taki. Yayana yana da gona ta wajen Sule Tankarkar, inda yake gero da riɗi, ya ce mini yanzu in an zuba takin gari sai ya sa yara sun bi suna tsince famfas kafin a yi huɗa, don in garma ta binne shi baɗi ma yana nan, ya kumbura ya yi suntum. Robar jikinsa ba ta ruɓewa kamar tsumma, garin da ke cikinsa kuma an yi shi ne don ya shanye ruwa ya riƙe.

Wannan garin shi ne dalilin da ya sa ba a jefa famfas ɗungurungum a masai. Na ga gidan hayar da aka yi haka, masai ya cika tun lokacinsa bai yi ba, masu yashewa suka ninka kuɗi, aka yi ta nuna wa juna yatsa tsakanin matan gidan har ta kai ga gaban mai unguwa. In kuwa na zamani ne mai ruwa, guda ɗaya ya isa ya toshe shi. Ƙonawa ma ba ta yi mini ba. Wasu suna gudunta wai gindin yaro zai yi ƙuraje, wannan kam camfi ne, amma jiƙaƙƙen famfas ba ya cin wuta, sai an bi shi da kalanzir, ya yi ta baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, a ƙarshe rabinsa yana nan.

Abin da na gaya wa yarinyar nan shi zan maimaita. Da an cire, a je masai a karkaɗe ko a kankare kashin da ɗan kara, karan ma ya bi shi ciki. Nan rabin warin ya tafi. Sai a naɗe famfas ɗin tamau da maƙalansa, a ƙulle a leda, a jefa a bokiti mai murfi da aka zuba wa toka a ƙasa. Bokitin a waje zai zauna, a inuwa, nesa da madafa da randa, don zafi shi ke sa fitsarin ya juye ya zama zarnin nan mai shiga ido. Kada ya kwana biyu. In an juye a wanke shi da omo a kife a rana. Sannan hannu, da sabulu, kafin a taɓa nono ko kwanon kunu. Taga kuma a buɗe ta, mu mata muna da son rufe ɗaki ruf don turare ya kama labule, alhali iska ita ke fitar da wari, turare sai dai ya yi masa lulluɓi.

Sauran aikin na maza ne, kuma a nan nake son su ji ni. Maigida ya sayo famfas ya miƙa yana jin ya gama, bai taɓa tambayar inda yake zuwa ba. Ƙasarmu rairayi ce, haƙa ba ta da wuya. Rami mai zurfi a ƙuryar gida ko a bayan katanga, nesa da rijiya kamar mita 30, a rufe bakinsa da tsohon kwano a danne da dutse saboda yara da karnuka, duk abin da aka zuba a bi shi da toka da ƙasa. Na san binnewa ba ta sa roba ta narke, amma tun da motar kwasar shara ba ta shiga lungunanmu, gara ramin da juji. Kuma ramin zai daɗe bai cika ba in an rage yawan abin: kunzugu da rana in ana gida, famfas da daddare ko ranar unguwa, yaro yana fara zama a saba masa da fo.

Bayan arba'in na sake komawa gidan. Bokitin yana bayan ɗaki da murfinsa, ɗakin kuma ƙamshin turare kawai yake yi. Na tambaye ta ramin fa? Ta yi dariya ta ce maigidan ya ce sai ya dawo daga Maigatari, Alhamis ta huɗu ke nan.