Filin Mata: Awon Ɗaki Da Awon Fili

Yau zancenmu na lissafi ne, amma kada wadda ta ji haka ta ajiye jarida, domin lissafin nan shi ya kan tsare wa mace kuɗinta ran da za ta sayi ledar ɗakin 'yarta, ko ran da aka zo rabon filin gado.

Iyayenmu na cikin birnin Zariya, sa'ad da a ke yin daɓe, ba su damu da awo ba. A tara tsakuwa da makuba, maƙwabta su taru da madaɓai, in kaya sun gaza a ƙaro. Yanzu kuwa leda da tayil da siminti duk da kuɗi a ke saye, kuma mai kanti ba ya karɓar abin da ya riga ya yanka. Wadda ta tafi kasuwar Sabon Gari da kintace, ko dai ta komo da abin da bai kai bango ba, ko ta biya kuɗin abin da za a naɗe a jefa ƙarƙashin gado.

To, ga tushen abin. Ku zana ɗan akwati a ƙasa, tsawonsa ƙafa 1, faɗinsa ƙafa 1. Sunansa ƙafa murabba'i. Girman ɗaki shi ne yawan irin waɗannan akwatuna da za su rufe ƙasansa duka. Wannan dabam ya ke da kewaye, watau tsawon igiyar da za ta zaga gindin bango.

Mu fara da ɗaki mai kusurwa huɗu, irin adada ko soro. A auna tsawo, a auna faɗi, a ninka wannan da wancan. Ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 10, girmansa 12 sau 10, watau ƙafa murabba'i 120. In faɗin ledar da ki ka zaɓa ƙafa 6 ne, yadi ɗaya kuwa ƙafa 3 ne, ke nan kowane yadi zai rufe 18. Raba 120 da 18, za ki ga ya haura 6 bai kai 7 ba. Sai ki ce a yanka miki yadi 7. Amma ki sa a auna faɗin ledar a gabanki tukuna, don ba duka su ke daidai ba. In tayil ne, da mita a ke lissafinsa. Mita murabba'i ɗaya ya kusa ƙafa murabba'i 11, saboda haka ɗakin nan ya ɗan ɗara mita 11. Sayi na 12, saboda waɗanda za su fashe wajen yanka.

Na biyu alwatika, mai kusurwa uku. Ɗauki kallabinki ki naɗe shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ai kin ga ya zama alwatika biyu daidai da juna. Ashe alwatika rabin mai kusurwa huɗu ce. Don haka a ninka gindi da tsayi, a raba biyu. Gindi ƙafa 8, tsayi ƙafa 6, ya ba da 48, rabinsa 24. A lura, tsayin nan a miƙe a ke auna shi daga gindi zuwa tsini, ba a bin gefen da ya karkace. Wannan yana da amfani ƙwarai gare mu, domin duk wadda ta san lungunan Kwarbai ko Limancin Kona ta san da wuya a sami tsakar gidan da bangayenta su ka tafi sak. Dabara ita ce a ja igiya a raba wurin gida-gida, wani mai kusurwa huɗu, wani alwatika, a lissafa kowanne, sa'an nan a tara.

Na uku da'ira, kamar ɗakin kago ko zaure mai kewaye. A auna daga bango zuwa bango ta tsakiya, a ɗauki rabi, a ninka rabin da kansa, a ninka da 22, a raba da 7. Kago mai faɗin ƙafa 14, rabinsa 7. To, 7 sau 7, 49. A ninka da 22, 1,078. A raba da 7, 154. Ɗaki mai kusurwa huɗu mai ƙafa 14 kowane gefe kuwa 196 ne. Kun ga in magini ya yi wa kago lissafin adada, ya ci kuɗin ƙafa murabba'i 42 a banza.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne. Tun fiye da shekara 2,200 da su ka wuce wani masani Bagirke, Arkimidis, ya nuna kewayen da'ira ya kusa ninki 3 da kashi ɗaya cikin 7 na faɗinta, daga nan 22 da 7 ɗin su ka fito. Wajen shekarar 820 kuma Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza, ya sa babi na awon filaye, ya kuma cika babban sashe da lissafin wasiyya da gado.

Ga inda na fi so ku buɗe kunne. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, watau 5,000. Rabinsa 50 da 50 ne, 2,500. Amma wani ya kan zo ya ce wa mace, ga rabin tsawo, ga rabin faɗi, ai kin sami rabi. Ku lissafa da kanku: 25 sau 50, 1,250 ne kawai. Rubu'i ke nan, ba rabi ba. Haka kuma filaye biyu su kan yi kewaye ɗaya amma girmansu ya bambanta. Mai 30 da 30, da mai 50 da 10, duk igiyar ƙafa 120 za ta zaga su, amma na farko 900 ne, na biyu 500. Matar da ba ta fita, aka zo mata da labarin rabonta a baki, sai ta nemi a rubuto mata tsawo da faɗi a takarda. Neman haka ba rashin kunya ba ne, hakkinta ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Kowace ta ari tef ɗin tela, ta auna ɗakin mahaifiyarta, ta lissafa girmansa, ta gaya mata yadi nawa na leda zai ci. Sa'an nan ta zaunar da ita ta nuna mata yadda aka yi, har ta iya da kanta.

Allah ya sa mu amfana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.