Firojet ɗin da muke nema yana ƙarƙashin ƙafarmu

Ƴan uwa ɗalibai, musamman ƴan sashen injiniya da suka fara farautar taken firojet, ina da ƙorafi a kanmu. Tun da tsohon Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, kowa so yake a ga kalmar "fetur" a bangon aikinsa. Sai a sauko da rubutun wani daga intanet kan rijiyoyin Texas, a canza suna, a kai wa sufabaiza. Alhali ilimin da ake kwaɗayin yana nan a Ikara da Maƙarfi da Kudan, ba mai kula shi.

A'a, ban ce akwai fetur a Hunkuyi ba. Yankinmu a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda mai ba ya taruwa a cikinsa. Amma ku dubi yadda burtsatse ke samun ruwa a nan. Ruwan sama yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, sai tsage-tsagen dutsen ƙasa su zama hanyar da yake bi zuwa rijiya. Wuri ɗaya rumbu, ɗaya hanya. Kusan haka abin yake a matsattsen dutsen da Amurkawa ke fasawa su tatso mai da gas: dutsen na riƙe da kayan amma da ƙyar yake saki, tsagar ce ke gudu da shi. Warren da Root sun tsara lissafin wannan a 1963, shi kuma ya ɗoru ne a kan dokar da Henry Darcy ya fitar a Faransa a 1856. Darcy ɗin ma a kan ruwan shan garin Dijon yake aiki, ba fetur ba.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. A lissafi, in faɗin tsaga ya ninka biyu, ruwan da za ta wuce da shi zai ninka takwas. Shi ya sa za ka ga burtsatse biyu a unguwa guda, ɗaya na cika tanki, ɗaya ko jarka ba ya cikawa. Ba jifa aka yi wa mai gidan ba, tsagar ya kuskure. Haka kuma ranar da aka haƙa, ruwa ya yi ta ambaliya, a yi kabbara, a biya ɗan kwangila ya tafi. Wannan ruwan da ke kwance cikin tsaga ne. Da ya ƙare sai a koma jiran abin da rumbun sama ke ɗigowa, in bazara ta yi sumo ya fara zuƙar iska har ya ƙone. Rijiyoyin man matsattsen dutse ma haka suke, shekarar farko ake ganin faɗuwa mai tsanani.

Wa ke biyan wannan asara? Jama'ar da suka yi karo-karo a masallaci, da yaran da ke bin layin ruwa maimakon aji, da manomin rake ko tumatir da ya ci bashi ya haƙa.

Awon kuwa bai fi ƙarfinmu ba. A kunna famfo a gudu ɗaya, a riƙa auna yadda ruwa ke sauka da agogo a hannu, a kashe, a auna yadda yake dawowa. Kowace mita 10 ta ruwa kusan ba ɗaya ce ta matsi. Injiniyan mai ma abin da yake yi ke nan in ya rufe rijiya yana kallon matsi na hawa. Manhajar MODFLOW kyauta take, ga kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna.

Wani zai ce, "To ni aikin NNPC nake nema, ina ruwana da burtsatsen ƙauye?" Malam, a wurin intabiyu wanda ya auna rijiya 20 da hannunsa ya fi wanda ya haddace babin wani abin faɗa.

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai shi ne ta zauna da shugabannin sassa, a ware ƴan firojet kowace shekara don wannan, a sayi na'urar auna zurfin ruwa ko da biyu ce, a kuma rubuta wa ƙananan hukumomin uku a nemi izinin auna burtsatsensu, masu aiki da matattu, a fara a watan Maris lokacin da ruwa ke ƙasa.