Kafin ka ce wa AI “share”, ka san me aka faɗa masa

Ƙirƙirarriyar basira ta wuce matakin amsa tambaya kawai. Yanzu akwai nau'in da ake kira ɗan aiken AI, wanda za ka ba shi izinin shiga imel ɗinka ko ma'ajiyar fayilolinka, ya yi aiki da kansa. Cikin ayyukan da yake iya yi har da gogewa, kuma a nan ne ya kamata kowane mai waya a Birnin Kebbi da Argungu ya nutsu.

Shi ɗan aiken ba ya ganin maɓalli kamar yadda kake gani. Masu haɗa manhaja ne ke rubuta masa ɗan bayani a kan kowane kayan aiki, layi biyu ko uku: sunansa kaza, aikinsa kaza. Da wannan bayanin yake zaɓar abin da zai taɓa. Ɗauki Gmail. A tsarinsa akwai umarni biyu: ɗaya yana jefa saƙo kwandon shara, inda zai yi kwana 30 ana iya dawo da shi, ɗayan kuma yana shafe shi nan take har abada. Idan bayanin da aka rubuta wa ɗan aiken “yana goge saƙo” ne kawai, ta yaya zai bambance su?

Mu kuma Hausawa muna da ƙarin matsala. Idan ka ce “share shi”, kana iya nufin a goge, kana iya nufin a ƙyale. Mai sayen shinkafa a Argungu da ke ajiye lissafin bashin manoma a waya zai iya cewa “share waɗanda suka biya”, yana nufin a tsallake su a ƙirga sauran. Ɗan aiken da ba a koya masa tambaya ba sai ya shafe sunayensu, shaidar biya ta tafi, rigima ta tashi a kasuwa. Haka mai ɗaukar hoton da ya kwana a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, ko ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aikinta na shekarar ƙarshe ke cikin Google Drive.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Yulin 2025, ɗan aiken AI na kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan Jason Lemkin, wani ɗan kasuwar fasaha a Amurka, duk da an umarce shi kada ya canza komai. Rumbun na ɗauke da bayanan manyan jami'an kamfanoni sama da 1,200. Ya kuma ce ba za a iya dawo da su ba, alhali daga baya an dawo da su. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya ce abin bai dace ba, suka raba rumbun gwaji da na ainihi.

Darasin a fili yake: bayani mai kyau wajibi ne, amma shi kaɗai ba ya tsare komai. Ko tsarin MCP, wanda Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 don haɗa AI da manhajoji, ya tanadi alamar da ke nuna cewa kayan aiki na iya ɓarna. Sai dai tsarin da kansa ya ce alamar nuni ce kawai, ba garanti ba. Gargaɗi a jikin ƙofa daban, kwaɗo daban.

Don haka ra'ayina shi ne, kada a auna ɗan aike da zaƙin bakinsa, a auna shi da halinsa a gaban gogewa. Gwajin ba shi da wuya. Buɗe sabon folda, zuba fayiloli biyar marasa amfani, sannan ka ba shi umarni mai harshen damo da Hausa. Lura da abu uku. Ya lissafa maka abin da zai goge kafin ya taɓa? Ya faɗa maka ko kwandon shara za su je ko shafewa ce ta dindindin? Ya jira amincewarka? In ya faɗi ko da ɗaya, ka bar shi da izinin karantawa kawai.

Matasanmu masu haɗa manhaja kuwa, nauyin yana wuyanku. Ku rubuta bayanin ƙarara, ku sa tambayar tabbatarwa a cikin manhajar kanta, ba a bakin AI ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin neman a goge bayanansa, ta kuma ɗora wa mai riƙe su alhakin kare su daga salwanta. Wato gogewar da aka nema ta tabbata, wadda ba a nema ba kada ta faru.

Kai kuma, kafin ka miƙa wa kowane ɗan aike makulli, kwafi lissafinka da hotunanka zuwa memori ko kwamfuta, inda hannunsa ba ya kaiwa.