Daga Bakin Rahad: Hayaƙin Jirgi da Masu Ɗaukar Hotonsa

A wannan wata za mu ɗan huta da maganar farashin dawa da riɗi, mu taɓo wata magana wadda mai yiwuwa wasu su ce ta marasa aikin yi ce, wato maganar tsohon jirgin ƙasa mai tururi da mutanen da suke ɓatar da kuɗinsu da lokacinsu don su ɗauke shi a fim. A yi haƙuri a biyo mu, don kuwa maganar tana da ƙofar da take shigowa har cikin gidanmu a nan Hawata.

A ƙasar Ingila akwai wani kan jirgi da ake kira Flying Scotsman, wanda aka ƙera a garin Doncaster a 1923. Gidan adana kayan tarihin jirgin ƙasa da ke birnin York ya saye shi a 2004, aka shafe shekara goma ana gyaransa, aka kashe fam miliyan 4 da dubu 200. Ranar 25 ga Fabrairu, 2016, aka sake ɗora shi a kan babban layin da ya tashi daga London zuwa York, tsohuwar hanyarsa. Ranar nan mutane suka cika tashoshi da gadoji da gonaki, kowa da kyamararsa, har wasu suka tsallake shinge suka tsaya a gefen dogo, abin da ya sa dole aka tsayar da jirgin a hanya sai da aka kore su.

Masu wannan sha'awa suna da ka'idojinsu. Sukan haɗa kuɗi su yi hayar jirgi sukutum, su tashi tun da asuba, saboda sai da sanyin safiya tururi yake fitowa fari tas ya tsaya a sama, in rana ta yi zafi kuwa nan da nan yake ɓacewa. In an kai wani wuri mai kyan gani, bakin gada ko gindin dutse, sai a tsaya su sauka su jeru, jirgin ya ja da baya, sa'an nan ya taho da gudu ya wuce ta gabansu. In hoton bai yi ba a sake. Abin dariyar shi ne sukan roƙi mai hura wuta ya turnuƙe musu sama da baƙin hayaƙi, alhali kuwa duk wanda ya san aikin ya san baƙin hayaƙi alama ce ta wutar da ba ta ci da kyau ba, asarar mai ce ko ta kwal. Abin da gwanin atashji yake jin kunyarsa a gaban shugabansa, shi ne abin da mai kyamara yake biya a yi masa.

To, kada a ce wannan sai Turai. Maƙwabtanmu na Eritiriya, waɗanda iyakarsu ba ta da nisa da Kasala, sun yi irinsa. Layin da Italiyawa suka shimfiɗa daga Masawwa a bakin teku ya hau duwatsu ya isa Asmara a 1911, tafiyar wajen kilomita 118, amma hawan ya fi mita 2,000. Yaƙi ya kashe layin a shekarun 1970, aka tuttuge ƙarafan aka yi ramukan yaƙi da su. Da suka sami 'yancin kai sai suka ce za su mayar da shi da hannunsu. Suka bi suka tsinto ƙarafa, suka kirawo tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka daɗe da yin ritaya, wasu sun ba saba'in baya, su ne suka tayar da kawunan jirgin da kamfanin Ansaldo ya ƙera a 1938. A 2003 layin ya sake haɗa Asmara da Masawwa, daga nan masu ɗaukar fim daga Jamus da Ingila da sauran ƙasashe suka riƙa zuwa suna hayar jirgin. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, ƙarfe kaɗai bai isa ya tayar da layin ba. Sa'ar da suka yi ita ce sun farga tun tsofaffin nan suna da rai, suna iya nuna wa yaro inda ake zuba mai da yadda ake sauraron tukunyar jirgi a gane lafiyarta.

Mu dawo gida. Dogon da ya ratsa Hawata ba ƙaramin layi ba ne a tarihin Sikka Hadid. An fara shi daga Hayya, inda ya rabu da layin Bur Sudan, ya iso Kasala a 1924 saboda audugar Gash, ya iso Gadarif a 1928, sa'an nan a 1929 aka haɗa shi da Sinnar. Wanda ya taso daga Sinnar zai haye kogi ta kan madatsar ruwan da aka gama a 1925, ya bi ta Suki da Dindir, ya tsallake Rahad a nan wurinmu, ya wuce Gala'an Nahal kafin ya shiga Gadarif. Duk wanda ya san baƙar ƙasar nan tamu ya san in damina ta kankama mota ba ta da ta cewa, laka ce take hukunci. A zamanin da ba a yi kwalta ba, jirgi ne kaɗai yake fitar da mara lafiya, ya kawo sukari da gishiri da wasiƙa, ya kuma kwashi dawa da riɗi da ƙaro zuwa bakin teku.

Mu Hausawa kuwa alaƙarmu da dogon ƙasar nan ta girmi layin Hawata ma. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunansa. Bayansu ayarin alhazai bai yanke ba. A ƙafa da jakuna suke ratso Barno da Wadai da Darfur, kuma tun da dogo ya isa Ubayyid, kusan lokaci ɗaya da isarsa Kano a wajejen 1911 zuwa 1912, a can mai guzuri yake fara hutar da ƙafarsa ya hau tarago. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙodago, a aikin madatsar Sinnar ko a gonakin audugar Jazira, ya tara na gaba. Da yawa daga cikin ƙauyukanmu na bakin Rahad da Dindir zango ne da aka yada da niyyar shekara ɗaya, ga shi jikoki da tattaɓa kunne suna ciki. Har faɗin dogon ma ɗaya ne da tsohon layin Kano, ƙafa uku da inci shida, sai dai ba a taɓa haɗa su ba.

Kawunan jirgi masu tururi kuma mun yi su, ba na wasa ba. A 1955 kamfanin North British na birnin Glasgow ya ƙera wa Sudan guda 42 na samfurin da ake kira 500, masu shuɗin fenti, masu ƙona mai maimakon kwal. Ko bayan da dizal ya karɓe manyan layuka, Sinnar ta daɗe tana riƙe da masu tururi. A lokacin yunwar 1984 da 1985, da na dizal suka kwanta saboda rashin kayan gyara, sai da aka koma kan tsofaffin nan: injiniyoyi daga yankin Wales suka zo suka gyara wasu, aka jawo hatsin agaji da su zuwa yamma. Ashe abin da wasu suke hawa don nishaɗi ranar hutu, a ƙasarmu ya taɓa zama abin ceton rai.

To, ina fim ɗin duk wannan? Nan ne gizo yake saƙa. A 1991 Michael Palin ya zo da ma'aikatan BBC suna ɗaukar shirin Pole to Pole, wanda aka nuna a 1992. Sun hau jirgi daga Wadi Halfa, sun ɗauki mutanen da suke zaune a kan rufin tarago cikin hamada, amma da suka nufo Gadarif za su shiga Habasha ta Gallabat, a mota suka zo. Layinmu bai shiga ba. Marigayi Jadallah Jubara, wanda ya rasu a 2008 bayan ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar Sudan a fim, an rushe ɗakin aikinsa na Hartum, kuma sai da aka kai wani kaso na finafinansa Berlin aka mayar da su na kwamfuta kafin a tsirar da su. In haka ta sami aikin babban gwani a babban birni, to ina ga hoton tashar Hawata da wani ya ajiye a ƙasan akwati? Sa'an nan ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya tarwatsa gidaje da takardunsu. A tsakiyar 2024 mun ga 'yan'uwanmu na Sinja da Dindir sun shigo jihar nan da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Wanda yake gudun ceton rai ba ya tsayawa neman hoton kakansa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, kada mu zauna jiran ranar da za a gyara kan jirgi mai tururi a kawo shi Hawata mu ɗauka. Jirgin fasinja ya daɗe da ɗauke ƙafa daga layin nan, kuma in Allah Ya kawo zaman lafiya aka tashi gyara, manomin da kuɗin mota yake cinye ribar riɗinsa jirgin kaya mai ƙarfi yake bukata, ba na yawon buɗe ido ba. Wannan gaskiya ce, ba ma jayayya da ita. Amma akwai abin ɗauka a yau wanda Bature mai hayar jirgi ba zai taɓa samu ba ko nawa ya biya, shi ne bakin mutanen da suka yi aikin. Har yanzu a unguwanninmu akwai tsofaffin 'yan darisa, waɗanda suke bin dogo a ƙafa cikin rana suna duba ƙusa da falanka, suna kwana a ɗakunan nan masu tsinin kai da hukuma ta gina musu a gefen tasha. Akwai wanda ya yi kumsari, akwai mai ɗaga sanafor, akwai wanda aikinsa shi ne shayar da kan jirgi ruwa, don mai tururi ba ya tafiya mai nisa bai sha ba. Akwai kuma iyayenmu mata da suka riƙe gidaje da tallar shayi da dafaffen ƙwai da kifin Rahad a bakin taga, da mahauta masu agashe da suke jin kukan mushtarak tun daga nesa su ƙara wa wuta gawayi. Kowace shekara sai mun raka wasunsu makwanci, kuma kowane ɗaya da abin da ya sani yake tafiya.

Kayan aiki ba shi ne matsala ba. Ranar 23 ga Afrilu, 2019, da jirgin Atbara ya shigo Hartum maƙil da mutane har kan rufi, wayoyin hannu ne suka ɗauke shi duniya ta gani. Irin wayar nan tana aljihun 'ya'yanmu, sai dai rawa da barkwanci ake ɗauka da ita. Muna kira ga 'yan'uwanmu malaman makaranta, musamman masu koyar da tarihi da labarin ƙasa, su raba ɗalibai biyu biyu, kowane biyu su nemi dattijo ɗaya ko gyatuma ɗaya. A je da ladabi, a gaisa, a nemi izini, a bayyana abin da za a yi da maganar. Wadda ba ta son a ga fuskarta a ɗauki muryarta kawai. A fara da faɗin ranar da wurin da sunan mai magana, don faifan da ba shi da kwanan wata rabin amfaninsa ya tafi. A jingine wayar a kan wani abu kada hannu ya yi ta rawa, a kuma kauce wa iska da kukan injin niƙa.

Tambaya kuma a yi ta ƙanana. In ka ce wa tsoho ya ba ka tarihin jirgi, zai ce maka da can duniya tana kwance, shi ke nan. Amma tambaye shi wace rana jirgi yake zuwa daga Sinnar, nawa ne tikitin Gadarif a daraja ta uku, me ake yi in ruwa ya yanke dogo da damina, wa yake fara sanin jirgi ya makara, sai ka ga bakinsa ya buɗe har ka rasa inda za ka tsayar da shi. A bar shi ya yi da harshen da ya ga dama. In ya haɗa Hausa da Larabci a jimla ɗaya kada a gyara masa, haka muke magana, kuma jikokinmu za su so su ji yadda muke yi.

Gargaɗi ɗaya muke da shi, kuma da gaske muke. Halin da ƙasa take ciki bai bar wurin wasa da kyamara a bakin gada ko cikin tasha ba. Kada yaro ya je ya ɗaga waya a irin waɗannan wurare ba tare da izinin hukuma a rubuce ba, kada neman tarihi ya jawo wa iyayensa tashin hankali. A zaure ko a gindin bishiya za a yi aikin nan, tasha tana nan ba inda za ta, a ɗauke ta daga baya. In an gama a kwafe faifan wuri uku: ɗaya a makaranta, ɗaya a hannun iyalan mai maganar, ɗaya kuma a aika wa wani ɗan'uwa da yake wani gari ko wata ƙasa, saboda abin da muka gani da idonmu a shekarun nan.

Duk malamin da ɗalibansa suka ɗauko wani abu, ya rubuto mana taƙaitaccen bayani ta hannun editan wannan shafi, za mu riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya da izinin masu su. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.