Kafin Ka Yarda a Yi Mata Fomat, Tsaya Tukuna

A hutun da ya wuce saura ƙiris in yi asarar aikin wata huɗu a dare ɗaya. Furojet ɗina na kammala difloma a kan yadda manoma ke sayar da masara ne, don haka na zaga Kwanar Ɗangora a Kiru, na leƙa Tiga a Bebeji, na gangara Doguwa, ina cike takardun tambayoyi. Duk abin da na tattara yana cikin laftof ɗina, wata HP ta hannu wadda batirinta ba ya wuce minti goma. Ina gida a Tudun Wada, babu wuta, sai na je shagon mai caji da daddare. Windows ya nemi in sake kunna na'urar don ya kammala sabuntawa, ni kuma na danna ba tare da wani tunani ba. Yana tsakiyar aiki man janareta ya ƙare, batir ya biyo baya.

Da safe na kunna ta. Ta nuna tambari, ta yi ta juyi, ta mutu, ta sake tashi, haka har azahar. Na kai wa wani mai gyara, ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce, "Malam, Windows ɗin nan ya tashi aiki, sai dai fomat." Na ce, "Oga, furojet ɗina fa?" Ya ce, "Sai haƙuri." Allah ya taimake ni na kira wani yayanmu da ke HND a sashen kwamfuta. Maganarsa ta farko ita ce, "Ƙanina, ɗauko kayanka ka fito daga shagon nan."

Ra'ayina, 'yan uwana ɗalibai, shi ne al'adar nan ta "a yi fomat" ta fi matsalar sabuntawar kanta yi mana ɓarna. In sabuntawa ta katse, abin da ya rikice shi ne fayilolin da Windows ke tashi da su. Babi na huɗu naka, hotunanka da takardunka galibi suna nan lafiya a faifan ajiya. Ƙofar ɗaki ce ta cije, kayan ciki ba abin da ya same su. Mai fomat kuwa rushe ɗakin yake yi da kayan a ciki, don shi ya fi masa sauri.

Ga abin da yayan nan ya sa na yi ta waya, kuma kowa zai iya. Na jona caji inda wuta ba za ta yanke ba, na cire duk wani filash. Na kunna, da tambari ya bayyana na danne maɓallin wuta har ta mutu. Da aka maimaita haka sau biyu zuwa uku, Windows da kansa ya buɗe shuɗin shafin gyara. Daga nan na shiga "Advanced options", na zaɓi "Uninstall Updates", na cire sabuntawar ƙarshe. Bayan kusan rabin awa ta tashi, komai yana nan. Da hakan bai yi ba, a wannan shafin akwai "Startup Repair" da "System Restore". Da duk sun ƙi, ana iya tayar da na'urar da filash mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint ba tare da an girka shi ba, a kwashe fayiloli, sannan a yi fomat ɗin da kwanciyar hankali. Abu ɗaya da za a kiyaye: in faifan yana kulle da BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yake ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar. Ka duba naka yau ka rubuta shi a littafi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu za su ce: "To mu kashe sabuntawar gaba ɗaya mana, mu huta." Na fahimce su. Data tana da tsada, wuta ba tabbas, kuma manyan kamfanoni ma sun sha wuya. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata gurɓatacciyar sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a lissafin Microsoft, har jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai. Amma a tuna da WannaCry a watan Mayun 2017, cutar da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da ɗari, har da na asibitocin Ingila. Microsoft ya fitar da maganin ramin da ta bi tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Mu da filash ɗaya ke yawo daga shagon buga takardu zuwa laftof goma a hostel, barin na'ura ba sabuntawa ganganci ne.

Abin da ya dace shi ne mu ne za mu zaɓi lokacin, kada na'ura ta zaɓar mana. Windows yana ba da damar dakatar da sabuntawa har mako biyar, to a dakatar a makonnin jarrabawa da na kare furojet. In kana amfani da datar wayarka, ka saita haɗin a matsayin "metered connection" don kada ya zuƙe ta a ɓoye. Ranar da za ka sabunta, ka tabbata akwai wuta tsayayya da isasshen fili a faifai, kuma ka riga ka kwafi aikinka. Google Drive yana ba da gigabayit 15 kyauta, furojet ɗinmu gaba ɗayansa ko kusa da ɗaya bai kai ba. Ko imel ka tura wa kanka duk daren da ka gama babi, wallahi ya wadatar.

Akwai kuma babbar magana da yawancinmu ba mu lura da ita ba. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na tsaro. Windows 11 kuma yana buƙatar TPM 2.0, ram gigabayit 4, fili gigabayit 64 da sabon furosesa, abin da da yawa daga cikin tsofaffin laftof ɗin da ke hannunmu ba su cika ba. Ana iya tura shi da dabara, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alhakin irin wannan na'ura ba. Duk wanda zai je titin Beirut ko Farm Centre sayen laftof, ya tambayi wannan kafin ya tambayi launi.

Ba ina cewa masu gyara duk mugaye ba ne. Da yawansu sun san aikinsu, kuma neman halak suke. Sai dai mai gyara bai san darajar babi na huɗu ba, kai ka sani. Don haka tambayar farko a shago ita ce, "Za ka fara kwashe min fayilolina?" In ya ce ba zai yiwu ba tun bai gwada ba, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, ina da roƙo. Muna da ɗaliban kwamfuta da na injiniyan lantarki da suka iya wannan aiki. A ware musu tebur ɗaya, soket mai sola da filash biyu ko uku, ko sau ɗaya a mako, musamman a zangon furojet. Su za su samu gogewa, mu kuma mu tsira da aikinmu. Kuɗinsa bai kai na kujeru da lasifikar taron maraba da sababbin ɗalibai ba.

Ni dai na kare furojet ɗina saboda kiran waya ɗaya. Akwai 'yar ajinmu da ba ta samu wanda za ta kira ba, sai da ta sake buga babi uku daga takardun hannu, sati biyu kafin ranar miƙawa. In ka gama karanta wannan, buɗe laftof ɗinka ka kwafi aikinka kafin ka kwanta.